Kewa da Kaɗaici a Baƙunci: Ɗalibin Nijar da Ya Tafi Faransa Shi Kaɗai

1. Gabatarwa

Idan ɗalibi ya samu gurbin ƙaro karatu a Faransa, kafin ya tashi kowa yana da gargaɗin da zai yi masa. Uwa ta ce ya riƙe salla, kawu ya ce ya kula da naman da zai ci, wanda ya taɓa zuwa ya ce ya nemi rigar sanyi tun a Yamai don can tsada gare ta. Da wuya a samu mai gaya masa cewa akwai ranar da zai dawo daga aji cikin watan Nuwamba, ya rufe ƙofar ɗakinsa, sannan ya lura tun safe bai yi magana da kowa ba in ban da mai sayar da burodi. Manufar wannan ƴar maƙala ita ce bayyana wannan hali, da abin da ke kawo shi, da hanyar da baƙo ke bi ya samu abokai cikin ƴan ƙasar da ya sauka. Mun ɗauki misalin Faransa don can ne ɗalibanmu suka daɗe suna zuwa, ko da yake hanyar ta ƙara wuya tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a watan Janairu na 2024. Mai zuwa Kanada ko Turkiyya zai tarar da yawancin bayanin ya shafe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na watan Yuni na 2025 cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici. Ga ɗalibi baƙo kuwa abin yana da wani nauyi na daban. Ba a sabunta masa takardar zama a Faransa sai ya nuna da gaske karatun yake yi. Wanda kaɗaici ya kwantar har ya riƙa faɗuwa jarrabawa yana iya rasa takardar, ya dawo gida hannu rabbana, ga kunyar dangin da suka haɗa masa kuɗin jirgi.

2. Kewa daban, kaɗaici daban

Hausa ta bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Kewa tana da wanda ake yi wa: ina kewar innata, ina kewar Damagaram, ina kewar furar gidanmu. Kaɗaici ba ya ɗaukar wani suna a bayansa haka. Hali ne na mutumin da ya duba dama da hagu bai ga na zama da shi ba. Ana iya jin kewa a tsakiyar abokai, ana kuma iya shiga kaɗaici a garin da aka haifi mutum. Masanin zaman jama'a na Amurka Robert Weiss, a littafinsa na 1973, ya yi wani rabo mai kama da wannan: akwai raɗaɗin rashin mutum guda na kusa da zuciya, akwai kuma na rashin jama'ar da ake cuɗanya da ita kullum, kuma samun ɗaya ba ya cike gurbin ɗayan.

Amfanin wannan bambanci a fili yake. A shekarun 1980 da 1990 wasiƙa kan yi makwanni a hanya, kiran waya kuwa sai mai hali. Yau ɗalibi yana ganin fuskar mahaifiyarsa ta WhatsApp duk dare. Kewa ta samu sauƙi ke nan. Kaɗaici kuwa yana nan, wani lokaci ma salula ƙara shi take yi, domin awa uku da aka yi ana hira da ƴan fada na gida awa uku ne da ba a fita an ga kowa ba.

3. Abin da ƴan ci-rani suke da shi wanda ɗalibi ba ya da shi

Tafiya ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan ƙasa. Mutanen Adar da Gobir da Arewa sun daɗe suna tafiya biɗa zuwa Kurmi bayan kaka. Sai dai in an duba yadda suke tafiyar, za a ga ba su cika yin ta su kaɗai ba. A fim ɗin Jaguar, wanda Jean Rouch ya ɗauka a 1954 aka fito da shi a 1967, samari uku ne suka kama hanya tare zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau. Wanda ya isa Kumasi kuwa ya san inda zai dosa: zango. A can akwai mai gida da zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da masu saye ko masu ba da aiki, ya tsaya masa in rigima ta taso. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari filla-filla game da unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, Enid Schildkrout kuma game da zangon Kumasi a 1978. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, in ji Hausawa, kuma zango shi ne ɗan jagora.

Ɗalibin da ya sauka a Lil ko Bordo shi ma akwai mai saukar da shi, wato hukumar CROUS da aka kafa a 1955, idan ya dace da samun ɗaki. Za ta ba shi makulli da ɗakin da faɗinsa bisa tsohon tsari murabba'in mita 9 ne, da wurin cin abinci mai rahusa. Daga nan aikinta ya ƙare. Ba za ta kai shi gaisuwa gidan kowa ba, ba za ta tambaya don me ba a gan shi jiya ba. Galibin ɗalibanmu kuwa wannan ne karo na farko a rayuwarsu da za su kwana a ɗaki su kaɗai, su ci abinci ba hannun wani cikin kwano. Mu da muka taso a gidajen da rufe ƙofa da rana alama ce ta rashin lafiya ko fushi, sai mu fassara dogon baranda mai ƙofofi rufe da cewa kowa gudunmu yake yi.

4. Lokacin da abin ya fi tsanani

A 1955 Sverre Lysgaard ya tambayi ƴan Norwe 200 da suka yi zaman karatu a Amurka, ya tarar waɗanda suka yi tsakanin wata 6 da wata 18 sun fi nuna rashin sabo a kan waɗanda suka yi ƙasa da haka ko fiye. Daga nan aka samo ra'ayin cewa baƙo yakan fara da ɗoki, ya faɗa rami, sannan ya fito. Kalervo Oberg ya ƙara yaɗa shi a 1960. Amma ba kowa ya yarda ba: Colleen Ward da abokan aikinta, da suka bi ɗaliban Japan a Niyu Zilan, sun nuna a 1998 cewa wahalar ta fi yawa tun a farkon zuwa. Kada dai ɗalibi ya zauna yana ƙidayar watanni yana jiran abin ya wuce da kansa.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne kalanda. Ana komawa karatu a watan Satumba, da sauran rana da ɗumi. Zuwa ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Pari sai wajen ƙarfe 8 da minti 40, ta faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma, wato haske na awa 8 da kwata, alhali a Yamai ya haura awa 11. Ana shiga aji da duhu, a fito da duhu. Sannan hutun Kirsimeti ya zo, ƴan ƙasa su koma gidajen iyayensu, gidan kwanan ɗalibai ya zama kufai har mako biyu. Sai kuma ranar Salla, wadda sau da yawa takan faɗo ranar aiki, a tafi aji kamar ba a yi komai ba. Waɗannan ranaku an san da zuwansu, ya kamata a shirya inda za a yi su tun da wata guda.

5. Yadda ake samun aboki ɗan ƙasa

Stephen Bochner da abokan aikinsa sun nuna a 1977, bayan bincike a Hawai, cewa ɗalibi baƙo yakan yi zumunci iri uku: da ƴan ƙasarsu, da ƴan ƙasar da ya sauka, da sauran baƙi irinsa. Na farko shi ne mafi ƙarfi, ba kuwa abin zargi ba ne. Ƙungiyar FEANF, da ɗaliban Afirka suka kafa a Faransa a 1950, ta raini mutane da yawa kafin a rushe ta a 1980, kuma har yanzu ƴan Nijar na manyan garuruwa sukan taru su yi shayi, su yi Salla tare. Matsalar tana zuwa ne in ɗalibi ya tsaya nan. Mun san waɗanda suka yi shekara biyar suka dawo da digiri ba su taɓa cin abinci a gidan Bafaranshe ba. Ɗan ƙasa ne zai gyara maka Faransancin da ba a koyarwa a lakkwal, ya gaya maka wane malami ake nema don aikin bincike, ya ji labarin wani aiki ya tuna da kai.

Abu na farko da baƙo zai gane shi ne gaisuwa. A wurinmu gaisuwa ƙofa ce: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, daga nan hira ta ɓalle. A Faransa bonjour wajibi ce, wanda ya shiga kanti bai faɗe ta ba ya yi rashin ladabi, amma ba ta buɗe komai. An ba ka haƙƙinka an wuce. Marubucin wannan maƙala ya taɓa tsayar da wani maƙwabci a kan matakala yana tambayarsa lafiyar iyali, mutumin ya dube shi ya ce ko wani abu ya faru ne. Ba ƙiyayya ba ce, tambayar ce ta zo kafin lokacinta. Haka nan ziyara: zumunta a ƙafa take, amma can ƙafar ba ta tashi sai an sa rana da awa. Wanda ya ce maka mu haɗu wata rana bai gayyace ka ba tukuna. Kai za ka ciro takarda ka ce Alhamis ko Asabar.

Abu na biyu lissafi ne. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya ƙiyasta a 2018 cewa ana bukatar zama tare na kimanin awa 50 kafin sani ya zama ƴar abota, awa 90 kafin a kira mutum aboki, fiye da awa 200 kafin ya zama amini, kuma awoyin da aka yi a aji ko wurin aiki ba su kai na hira da wasa auki ba. Ba sai mun riƙe waɗannan adadi kamar karatun allo ba, amma suna bayyana wani abu. Saurayin da ke zama fada a Zinder ko Maraɗi, irin wadda ta yaɗu tun farkon shekarun 1990, yana tara awa 200 cikin wata biyu ko uku bai sani ba, yana jiran shayi na uku. A Faransa ba wanda zai ba shi waɗannan awoyi a banza. Dole ya nemi wurin da mutane ɗaya suke komawa a rana ɗaya kowane mako. Tun 1950 Leon Festinger da abokansa suka lura, a gidajen ɗaliban wata jami'a ta Amurka, cewa mazauna kusa da matakala sun fi samun abokai a bene na sama, don kawai ana yawan gamuwa da su.

Fadar Faransawa ita ce ƙungiya. Dokar 1 ga Yuli 1901 ta sauƙaƙa kafa ta, kuma a yau ƙungiyoyi sun haura miliyan ɗaya: na ƙwallon ƙafa, na tafiyar ƙasa a daji ranar Lahadi, na wasan kwaikwayo, na koya wa yaran unguwa karatu, na raba abinci ga mabukata. Garuruwa da yawa sukan shirya musu baje koli a farkon Satumba, daidai lokacin isowar ɗalibi. A ganinmu ƙungiyar taimako ta fi dacewa da baƙo, domin a can shi ne mai bayarwa, kuma a can ake samun dattawa masu ritaya, waɗanda suke da lokaci kuma su ne suka fi saurin cewa zo gida ka ci abinci. A zaɓi guda ɗaya, a lazimce ta wata uku ko da makwannin farko ba wanda ya wuce bonjour.

Saura batun giya, wanda ke hana da yawa daga cikinmu amsa gayyata. Bayan aji ko bayan wasa akan ce a je a sha wani abu, kuma a wannan zaman ne ake sanin juna. Kowa da inda ya ja wa kansa iyaka, ba mu da fatawa a nan. Abin da muka gani dai shi ne mai neman lemo ba a korarsa, wanda kuma ba ya son shiga irin wurin yana iya juya gayyatar: ya dafa shinkafa da miyar gyaɗa a madafar gidan ɗalibai, ko ya kawo kilishi, ya kira mutum biyu ko uku. Bafaranshe yana ɗaukar gayyatar cin abinci da nauyi, kuma yakan rama.

Ba za mu ɓoye ba, akwai wariya. Akwai mai gidan hayar da zai ji sunanka ya ce an riga an kama ɗakin, akwai ɗan ajin da ba zai so aiki da kai ba. Wahalar baƙo ita ce rarrabe wannan da kamun kan da suke yi wa kowa, har junansu. Hanya mai sauƙi ita ce a duba yadda mutumin yake yi da sauran Faransawa da bai sani ba.

6. Idan abin ya wuce kaɗaici

In barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita rai, aka daina zuwa aji, aka daina ɗaukar waya, har abin ya wuce mako biyu, to ya zama na likita. Ɗalibanmu sukan yi shiru a nan, don gida ana ganin wanda ke Turai ya riga ya haye, kuka daga bakinsa kamar butulci ne. Jami'o'in Faransa suna da sashen kiwon lafiyar ɗalibai inda ake ganin masanin halayyar ɗan Adam ba da biya ba, kuma tun watan Oktoba na 2021 akwai lambar 3114 da ake kira kyauta dare da rana idan tunanin kashe kai ya zo. Iyaye da malamai na gida su ma suna da abin yi. Maimakon tambayar yaya karatu, wadda amsarta kullum lafiya lau ce, a tambayi yaro da wa ya ci abinci a wannan mako, kuma mene ne sunansa.