Littafin Jagoran Magani da Ƙarin Ilmin Likita

Shi ilmin likitanci ba ya tsayawa wuri guda, gama abin da aka koyar a makaranta yakan tsufa tun likita bai tsufa ba. Saboda haka hukumomin lafiya sukan tara masana su tace sakamakon bincike, su fitar da littafin jagora, watau bayanin yadda ya kamata a gane wata cuta, a kuma yi maganinta. Shawarwari ne da aka kafa bisa hujja, aka kuma nuna ƙarfin hujjar kowace ɗaya.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali. Likitan da ya sauke karatu a 1990 an koya masa kulorokwin domin zazzaɓi mai sauƙi, kwinin kuwa domin mai tsanani. Da ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin, sai Nijeriya ta koma ga haɗin magani mai atemisinin a 2005. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta na maganin wannan cuta a 2006. Bugu na biyu, na 2010, ya ce a gwada jini kafin a ba da magani, domin ba kowane zafin jiki ba ne na sauro. A shekarar kuma aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi da yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, wanda ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin ceton rai. Sai aka gyara jagoran a 2011. A 2012 aka ƙara shawarar a riƙa bai wa ƙananan yaran Sahel maganin rigakafi wata-wata lokacin damina.

To, wanda ya tsaya a kan karatun 1990, sau huɗu ke nan aka wuce shi, marasa lafiya kuwa su ke biyan bashin. Amma haddace sabon umarni kaɗai ba ya wadatarwa. Amfanin littafin yana ga dalilan da ya kawo: likitan da ya gwama tsohon bugu da sabo, ya ga abin da ya sa aka sauya, ya koyi auna hujja da kansa, har ya san inda shawara ba ta dace da majinyacin da ke gabansa ba. Wannan karatu kuwa ya hau kan babban likita kamar yadda ya hau kan ƙarami, gama gemu ba ya hana ilmi.