Motar da Ke Karkarwa In An Taka Birki

Jama'a, yawancinmu ba mu da mota, amma dukanmu muna shiga mota. Muna zuwa kasuwa a cikinta, muna kai marasa lafiya asibiti. Ranmu kuwa yana hannun direba, ran direba yana hannun birki. Don haka ya kamata kowa ya san wani abu game da birki.

Wani lokaci direba yakan taka birki, sai ka ji mota tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. In ya ɗaga ƙafa sai ta daina. Waɗansu direbobi su ce ai halinta ne. Ba hali ba ne, ciwo ne. Motar da ke karkarwa ba ta tsayawa sosai ran da yaro ko akuya ya gifta.

Yadda birki ke aiki

A bayan kowace ƙafar mota akwai faifan ƙarfe wanda ke juyawa tare da ita. Akwai kuma takalman birki biyu, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. In direba ya taka, sai man birki ya tura takalman su matse faifan, mota ta rage gudu. Waɗansu motoci ba faifai ke ƙafafunsu na baya ba, wani ƙarfe ne mai kama da kwano, takalman suna cikinsa.

In faifan yana nan sumul, kaurinsa daidai ko'ina, mota za ta tsaya lami lafiya. Amma in wani wuri ya fi wani kauri, sai takalman su riƙa kamawa suna saki. Karkarwar ke nan. Bambancin da bai kai kaurin takardar nan da kuke karantawa ba ya isa ya girgiza mota.

Abin da ke ɓata faifai

Na farko zafi ne. Direban da ya gangaro tudu mai tsawo, kamar Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ya gasa faifansa. Na biyu tsatsa da laka, in mota ta daɗe a ajiye da damina. Na uku ɗaurin noti ba daidai ba, wani tamau, wani sakwa-sakwa. Na huɗu takalmin da ya cije, ya ƙi sakin faifai.

Yadda za mu gane inda ciwon yake

Mu sami hanya miƙaƙƙiya wadda ba jama'a. Mu yi gudu kamar kilomita 50 a awa, sa'an nan mu taka birki a hankali. In sitiyari ne ke rawa a hannu, mu zargi ƙafafun gaba. In a kujera muka fi jin abin, mu zargi na baya. In kuwa mota tana karkarwa ko ba a taka birki ba, to, mu duba tayoyi, watakila wata ta kumbura ko wili ya lanƙwashe.

Ku lura da abu ɗaya. Motoci da yawa suna da birkin da ake kira ABS. In aka taka shi da ƙarfi a kan santsi ko yashi, yakan yi ta bugun tafin ƙafa da sauri. Wannan ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi. Kada a ɗaga ƙafa.

Gyara

Mu fara da abin da ba ya cin kuɗi. Mu bi notocin ƙafafu da sifana ɗaya ɗaya. Bayan ɗan gajeren tafiya mu kai hannu kusa da kowace ƙafa, ba tare da mun taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ya cije.

Sa'an nan mu ɗaga mota da jak a wuri mai tauri, mu tokare ta da katako mai ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Mu girgiza ƙafar da hannu biyu. In tana kwaram-kwaram, boris ne ya ci, ko gaɓoɓin sitiyari. Mu kwance ta mu duba takalma. In saura milimita 3 ko ƙasa da haka, sun ƙare. Kada mu busa ƙurar birki da baki, gama tana cutar huhu.

Sauran aikin na makaniki ne, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi zai auna faifai. A jikin yawancin faifai an buga lambar da ke nuna iyakar sirantarsa. In da sauran kauri, a kankare shi da inji. In babu, a sake sabo. Ga amfanin karatu nan: wanda ya iya karanta lamba ba a sayar masa da faifan da ya ƙare. A sake na dama da na hagu tare, har da takalmansu. A goge tsatsar mazaunin faifai tas. A ɗaure notoci a tsallake, wannan da na daura da shi, ba a jere ba.

Rigakafi ya fi magani. In za mu gangara tudu, mu sa ƙaramar giya, inji ya taimaki birki. Kada mu yi lodi fiye da ƙima. Kada mu kwara wa birki ruwa yana da zafi. Mu fasinjoji kuma, in mun ji karkarwa, mu gaya wa direba cikin ladabi. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Tambayoyi

1. Me ke sa mota karkarwa in an taka birki?
2. In sitiyari ke rawa, waɗanne ƙafafu za mu duba?
3. Don me ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak?