Wa Ya Kashe Yarjejeniyar Oslo?

A watan Satumban 1993, Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin da jagoran Falasɗinawa Yasir Arafat suka yi musabaha a Fadar White House, aka sanya hannu kan Yarjejeniyar Oslo. An tsara Falasɗinawa su fara mulkin kansu na wucin gadi, sannan cikin shekara biyar a warware batun Ƙudus, iyakoki da 'yan gudun hijira. Har yau ba a warware ko ɗaya ba.

Masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu ne suka fara yi mata zagon ƙasa. A 1994 wani Bayahude ɗan kaka-gida ya harbe masallata 29 a Masallacin Ibrahim da ke Hebron. Ƙungiyar Hamas ta Falasɗinawa ta shiga tayar da bama-bamai a motocin haya cikin Isra'ila. A 1995 wani Bayahude mai ƙin sulhu ya kashe Rabin kansa.

Gwamnatocin Isra'ila kuma ba su daina gina matsugunai a yankunan da suka mamaye tun 1967 ba, abin da Kotun Duniya ta ce a 2024 ya saɓa wa doka. Tun 2007 Hamas da Fatah, ƙungiyar Arafat, suka raba gari, Falasɗinawa suka rasa murya ɗaya. Amurka, mai shiga tsakani, ta riƙa kare Isra'ila da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kowa na da nasa kason laifi, amma alhakin ya fi nauyi a wuyan mai riƙe da ƙasar da ƙarfin soja. Muddin mamaya na nan, zaman lafiya ba zai ɗore ba.