Ƙuri'ar Raba Gardama: Misalin Unguwar Kilomita Biyar ta Bangui

Ƙuri'ar raba gardama ita ce wadda ake jefawa domin jin ra'ayin jama'a a kan magana guda ɗaya. Ba mutum ake zaɓa ba, tambaya ce ake yi, amsarta kuwa galibi ba ta wuce "i" ko "a'a". Yawanci ana yin ta ne a kan tsarin mulki, ko kuwa a kan yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa.

A sha'anin yarjejeniya akwai matakai biyu da ya kamata ɗalibi ya bambanta. Na farko shi ne rattaba hannu, wanda wakilan gwamnati suke yi. Na biyu shi ne tabbatarwa, wato amincewar majalisa ko ta jama'a. Galibi sai an tabbatar da yarjejeniya sannan take hawa kan ƙasa. Alal misali, gwamnatin Faransa ta sa hannu a kan yarjejeniyar tsarin mulkin Tarayyar Turai a 2004, amma da aka tambayi jama'a ran 29 ga Mayu, 2005, kusan kashi 55 cikin ɗari suka ce a'a, maganar ta ruguje.

Ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka sun ga irin wannan ran 28 ga Satumba, 1958, lokacin da Janar de Gaulle ya tambaye su ko za su zauna cikin ƙawance da Faransa. Gini, a ƙarƙashin Seku Ture, ta ce a'a. A Nijar Djibo Bakary ya yi kira a ce a'a, amma "i" ta yi rinjaye. Ubangi-Shari, wadda ta zama Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta bi shawarar Barthélemy Boganda ta ce i.

A Bangui, babban birnin wannan ƙasa, akwai unguwar Kilomita Biyar, ko PK5. Sunanta ya samo asali ne daga nisanta da tsakiyar gari. Nan ne babbar kasuwa da babban masallaci suke, kuma Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe da zama a cikinta tare da sauran Musulmi. Bayan rikicin Seleka da Anti-Balaka na 2013 da 2014, unguwar ta zama mafakar Musulmin da suka rage a birnin. A wannan hali ne gwamnatin riƙon ƙwarya ta Catherine Samba-Panza ta shirya ƙuri'a a kan sabon tsarin mulki ran 13 ga Disamba, 2015. Ko da yake ba a kan yarjejeniya aka yi ta ba, shirin iri ɗaya ne, kuma ya ƙunshi abubuwa uku.

Abu na farko shi ne rajista, wato wa ya cancanci ya jefa ƙuri'a? Dubban mutane, akasarinsu Musulmi, sun yi gudun hijira zuwa Kamaru da Cadi. An yi jayayya a kansu, har kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2015 cewa su ma suna da haƙƙin jefawa.

Na biyu shi ne fahimtar abin da ake tambaya. An rubuta kundin da Faransanci, alhali harshen da kowa yake ji shi ne Sango. Wanda bai san abin da takarda ta ƙunsa ba, amsarsa ta dogara ne ga wanda ya fassara masa.

Na uku shi ne tsaro. Wasu masu ɗauke da makamai ba sa son a yi ƙuri'ar. Ranar jefawa aka buɗe wuta kusa da rumfunan zaɓe a Kilomita Biyar, aka rasa rayuka. Duk da haka mutanen unguwar suka nace sai sun jefa. Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA suka tsare wurin, aka ci gaba washegari.

Kimanin kashi 93 cikin ɗari ne suka ce i, sai dai waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Wannan tsarin mulki ya fara aiki a Maris 2016, sannan wata ƙuri'ar ta 30 ga Yuli, 2023, ta maye gurbinsa da wani.

Saboda haka, idan ɗalibi ya ji an ce "jama'a sun amince", sai ya yi tambaya uku: su wa aka rubuta, da wane harshe aka yi musu bayani, kuma nawa ne suka iya isa rumfa lafiya?