Ƙarin Ƙarfin Inji Na Kashe Giya

'Yan'uwa masu sayen mota a Ikko domin tafiya gida Lafiya ko Azuba, su yi hattara da mai turbo wadda aka ƙara wa inji ƙarfi. Giya otomatik tana da iyakar abin da take ɗauka. Alal misali, giyar Volkswagen DQ200 mai hawa 7, ƙarfin juyi Nm 250 aka ƙera ta ta jure. In aka zarce haka, sai faifan kuloci ya riƙa zamewa, ya yi zafi, ya ƙone. Alamarsa ita ce inji na ruri, mota ba ta ja. Tudun Nasarawa Eggon, kafin a iso Azuba daga Akwanga, shi kan tona asiri, balle da kaya niƙi-niƙi. Kafin a biya kuɗi, a sa makaniki ya duba ko an taɓa kwamfutar injin.