Alƙalawa: Kufan Da Damina Ke Ci

Yaron da ya tashi a Gangara ko Isa ya san sunan Bawa Jan Gwarzo tun kafin ya shiga makaranta. Amma ka tambaye shi inda fadar Bawa take, sai ya yi shiru, alhali kufan Alƙalawa na nan a ƙasar Sabon Birni, a bakin Gulbin Rima.

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun karya Zamfara. Masu tarihin baka sun ce wurin gonar alƙalin Zamfara ce, daga nan sunan ya samo asali. Nan Bawa ya yi sarauta, nan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya riƙa zuwa fada. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Sabon Birni. Ashe ke nan kufan na jikokin Bawa ne, na jikokin Shehu ne kuma.

Ganuwar ƙasa ba ta da haƙurin dutse. Kowace damina sai ta zaftare wani ɓangare. Manomi kan kafa garma, ta tono tsingaron tukunya ko mataccin ƙarfen maƙera, ya jefar a bakin kunya ya ci gaba da huɗa. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa faɗa masa darajar abin. Ga kuma 'yan bindiga sun sa hanya ta gagari mai bincike.

Surame, birnin Kanta na Kabi, ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, kuma a 2007 Najeriya ta gabatar da sunansa ga UNESCO. Alƙalawa bai gaza shi tarihi ba.

Ba siminti kufai ke buƙata ba. A shata iyakarsa da yardar masu gonaki, a zana taswirar ganuwar da ta rage, ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su naɗi muryoyin dattawa da makaɗan fada tun suna raye. Wannan na ƙarshe ko waya ta isa a yi shi. Masarautar Gobir da gwamnatin Sakkwato, a fara kafin damina mai zuwa.