An Cire Yana, Ido Ya Washe, Sai Gani Ya Sake Dushewa: Me Ke Faruwa?

Aikin cire yanar ido yana cikin tiyatar da aka fi yi a duniya, kuma yana cikin waɗanda suka fi yin nasara. A Nijeriya ma, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama. Shi ya sa duk lokacin da aka ce za a yi aikin ido kyauta, sai ka ga dattawa sun cika harabar asibiti tun da asuba.

To amma akwai wani ƙorafi da akan ji daga wasu bayan aikin. An buɗe bandeji, mutum ya ga duniya tarwai, ya koma gida yana murna. Bayan wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi, sai gani ya fara dushewa. Babu ciwo, ido bai yi wani ja ba, amma rubutun waya ya daina fitowa, zare ya ƙi shiga allura. Nan take sai a yanke hukunci: "yanar ce ta dawo", ko "aikin bai yi ba". Sau da dama ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan dushewa shi ne kumburin tsakiyar tantanin gani, wanda za ka ga likita ya rubuta shi a kati da haruffa uku, CME ko CMO. Abu ne da yake da magani, musamman idan an koma asibiti da wuri.

Ina ne yake kumbura?

Ɗauki ido a matsayin kyamarar waya. A gaba akwai madubi mai tattara haske, a can baya kuma akwai allon da hoton ke sauka. Yana ita ce dushewar madubin na gaba. A wurin aiki, likita yana fitar da madubin da ya dushe, ya bar 'yar siririyar jakar da yake ciki, ya saka madubin roba a madadinsa. Shi madubin roba ba ya yin yana.

Allon baya kuwa shi ne tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, sunansa makula. Ƙanƙantarsa kada ta ruɗe ka. Da shi kake karatu, da shi kake gane fuskar mai zuwa daga nesa, da shi ake tsince tsakuwa a cikin wake. Sauran tantanin yana ba ka ganin gefe ne, wanda ke hana ka cin karo da bango.

Idan ruwa ya taru a cikin makula, yakan zauna ne a cikin 'yan ƙananan aljihuna, kamar ƙuraje masu ruwa, jere a kewayen tsakiyar. Ka tuna yadda shafin littafi yake idan ruwan sama ya jiƙa shi: takardar ta kumbura, ta lanƙwashe, layukan rubutu su karkace. Haka makula take zama. Madubin gaba garau yake, amma allon da hoton ke sauka a kai ya jiƙe.

Wani likitan ido ɗan Amurka, Rodman Irvine, shi ne ya fara bayyana wannan matsala a 1953. A 1966 kuma Donald Gass da Edward Norton, a birnin Miyami, suka nuna ainihin abin da ke faruwa: sun saka wani rini a jijiyar majinyata, suka ɗauki hoton bayan ido, suka ga rinin yana yoyo daga ƙananan jijiyoyin jini yana taruwa a makula da siffar ganyen fure. Shi ya sa har yau ake kiran matsalar da sunayen Irvine da Gass.

An yi aiki a gaba, me ya kai ruwa baya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure kai, tunda wuƙar likita ba ta ma kusanci makula.

Amsar tana cikin yadda jiki ke mayar da martani ga rauni. Duk inda aka yanka, wurin yakan yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Bari mu kira wannan ruruwa. Tiyata, komai ƙwarewar mai yin ta, rauni ce a wurin jiki. Da zarar an taɓa sassan gaban ido, ƙwayoyin halittar wurin sukan saki wasu sinadarai na kai saƙo, kuma fitattu a cikinsu su ne furostagilandin. Aikinsu shi ne buɗe jijiyoyin jini domin dakarun garkuwar jiki su iso wurin rauni.

Matsalar ita ce waɗannan sinadarai ba sa tsayawa inda aka sake su. Tsakiyar ido cike take da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, kuma a hankali sinadaran suke ratsa shi har su kai bango na baya. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin tantanin gani kuwa na musamman ne. Ƙwayoyin da suka gina bangonsu a manne suke gam, kamar bulon da aka ɗaure da siminti, don kada ruwan jini ya tsiyayo. Idan sinadaran ruruwa suka iso, sai wannan ɗaurin ya sassauta, ruwa ya fara yoyo. A ƙarƙashin tantanin akwai wani shimfiɗin ƙwayoyi da ke aikin famfo, suna kwashe ruwan da ya yi yawa. Muddin famfon yana cin ƙarfin yoyon, babu abin da za ka ji. Ranar da yoyo ya fi ƙarfin famfo, ruwa zai kwanta, kuma tsarin makula ya sa nan ne ya fi samun wurin zama.

Wannan tafiya da taruwa a hankali suna cikin abin da ya sa matsalar ba ta bayyana washegarin aiki. Galibi takan fito ne tsakanin mako 4 zuwa 12, kuma ta fi yawa wajen mako na 4 zuwa na 6. Lura da wannan lokaci da kyau. Daidai lokacin ne maganin ɗigawa yake ƙarewa, daidai lokacin ne kuma mutumin da ya taho daga ƙauye yake ganin ai ya warke, babu dalilin sake kashe kuɗin mota don komawa asibiti.

Wa ya fi shiga haɗari?

Da farko dai, hankali ya kwanta: mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki ba sa samun kumburin da zai taɓa ganinsu. Wani babban bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2016, wanda ya duba idanu 81,984, ya gano cewa a cikin waɗanda aikinsu ya tafi lami lafiya kuma ba su da wata larura, kashi 1.17 cikin 100 ne suka samu. A cikin masu ciwon suga kuwa adadin ya kai kashi 4.04, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yadda sugan ya riga ya taɓa jijiyoyin bayan ido. Dalilin a fili yake: suga ya riga ya raunana bangon jijiyoyin tun kafin aiki, ƙiris yake jira.

Sauran waɗanda haɗarinsu ya fi yawa sun haɗa da wanda ya taɓa fama da ruruwar cikin ido, wanda jijiyar jinin bayan idonsa ta taɓa toshewa, wanda aka taɓa yi wa aikin ɗinke tantanin gani da ya ɓalle, da mai wata siririyar fata da ta fito a kan makula tana jan ta. Haka nan idan jakar madubi ta yage a lokacin aiki, ko wani ɓurɓushin tsohon madubi ya rage a ciki, ruruwar takan fi tsanani. Wanda ya samu kumburin a ido ɗaya, ya faɗa wa likita kafin a taɓa ɗayan.

Yadda ake gane shi

Alamarsa ita ce dushewar gani na tsakiya ba tare da ciwo ba. Wani zai ga layin da yake miƙe ya lanƙwashe, wani zai ga launuka sun koɗe. Gwaji mai sauƙi a gida: rufe idon da ba a yi wa aiki ba, ka dubi gefen ƙofa ko layukan rubutu, sannan ka sauya ido. Rufe ido ɗayan yana da muhimmanci, domin lafiyayyen ido yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri.

A asibiti, likita zai ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya duba baya. Inda akwai na'urar OCT, wadda aka fara bayyana ta a 1991, aikin ya fi sauƙi. Tana amfani da haske ta nuna tantanin gani daki-daki kamar an yanka shi an dubi gefensa, ba allura ba ciwo, cikin 'yan mintuna. Aljihunan ruwan sukan fito ƙarara, har a auna kaurin makula a kwatanta da na zuwa na gaba. Ba kowane asibiti ne ke da ita ba, don haka idan an tura ka babban asibitin ido kada ka ɗauka yawo ake yi maka da hankali.

Dole kuma a bambanta shi da wasu matsalolin. Idan ido ya yi ja, yana ciwo mai tsanani, gani ya faɗi cikin kwanakin farko bayan aiki, wannan yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga cikin ido, kuma a ranar ake zuwa asibiti, ba a kwana. Idan kana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawo sun ƙaru kwatsam, ko kamar labule yana rufowa daga gefe, ana tsoron ɓallewar tantanin gani, shi ma na gaggawa ne. Dushewar da ke zuwa sannu a hankali bayan watanni ko shekaru kuwa, galibi jakar da aka bari ce ta yi hazo, kuma da hasken leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna.

Magani

Tunda ruruwa ce tushen matsalar, ita ake kashewa. Matakin farko maganin ɗigawa ne iri biyu. Na ɗaya dangin sitiroyid ne, irin su firedinisolon da dezametason, masu tare ruruwar tun daga tushe. Na biyu dangin magungunan kashe zafi ne da ke toshe sinadarin da ke ƙera furostagilandin, irin su ketorolak, dikilofenak, nefafenak da buromfenak. Akan haɗa su ne saboda kowanne da inda yake tare hanya. Maganin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma a hankali ake rage shi, domin yanke shi farat ɗaya yana iya sa kumburin ya dawo.

Haɗin nan yana aiki a matsayin rigakafi ma. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Turai, aka wallafa a 2018, ya kwatanta hanyoyi uku a kan marasa ciwon suga. Cikin mako 12 bayan aiki, kumburi mai taɓa gani ya samu kashi 5.1 cikin 100 na masu ɗiga dezametason kaɗai, kashi 3.6 na masu buromfenak kaɗai, sai kashi 1.5 kacal na waɗanda suka haɗa biyun.

Idan ɗigo bai wadatar ba, sai a matsa gaba: allurar sitiroyid a gefen ido ko a cikinsa, ko wani ɗan ƙanƙanin abu da ake dasawa a cikin ido yana sakin dezametason a hankali na tsawon watanni. Akwai kuma alluran da ke toshe sinadarin da ke sa jijiyoyi yoyo, irin su Avastin, waɗanda aka fi amfani da su idan akwai hannun ciwon suga a ciki. Idan kuma wani abu ne ke jan makula, ko ɓurɓushin madubi ya rage, to sai an koma ɗakin tiyata an cire musabbabin.

Labari mai daɗi shi ne, a wurin mafi yawan mutane kumburin yakan sauka cikin 'yan watanni, gani ya dawo. To me ya sa ba za a zauna a jira ba? Saboda a wurin wasu ba ya sauka da kansa. Idan ya haura wata shida ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya zaunu, kuma ruwan da ya daɗe yana lalata ƙwayoyin da ke karɓar haske. Su kuwa idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Ko ruwan ya janye daga baya, ganin ba zai koma yadda yake ba.

Gargaɗi game da kemis

Wani zai karanta sunayen nan ya wuce kemis ya saya. Don Allah kada a yi haka. Ɗigon sitiroyid yana ɗaga matsin cikin ido a wurin wasu mutane, abin da ake kira hawan jinin ido, kuma shiru yake yin ɓarnarsa har ya cinye jijiyar gani. Shi ya sa likita ke auna matsin ido duk zuwan da aka yi. Idan kuma dushewar daga ƙwayar cuta ce, sitiroyid ƙara mata ƙarfi zai yi. Haka ma kwalli, zuma, ruwan ganye ko wani jiƙo: idon da aka yi wa aiki ba wurin gwajinsu ba ne.

Idan kana da iyaye ko kakanni da za a yi wa aikin yana, ga abin da za ka iya yi musu. Kafin aiki, a faɗa wa likita idan akwai ciwon suga ko wata tsohuwar matsalar ido, a kuma daidaita suga da hawan jini. Bayan aiki, wani ya ɗauki nauyin ɗiga maganin a kan lokaci har ya cika kwanakin da aka ce, ko da ido ya washe. Idan aikin na kyauta ne kuma likitocin baƙi ne da za su tafi, a tambaya tun kafin a bar wurin: wane asibiti za mu je idan wani abu ya taso? A ajiye katin aikin, a kuma ware kuɗin motar komawa duba ido na bayan wata ɗaya tun ranar da aka ware na zuwa aikin. Duk ranar da dattijo ya ce ganinsa ya fara komawa baya, a kai shi a duba a cikin makon.

Allah Ya ƙara mana lafiya.